RA'AYINMU: Kada A Biya Mai Kafa Kamara Sai An Gwada Ta Da Dare

 

Yau maganar waya muke tafe da ita. Ba wayar salula ba, wayar wuta, wadda muke ce wa fil, siririyar igiyar nan da ake ja daga caja ko batiri zuwa kamarar tsaro. Mun san wani zai ce, duk abin da ke damun mutane a rasa abin magana sai fil? A yi haƙuri a saurara har ƙarshe. Kuɗin bayin Allah ne ke tafiya a banza. Abin da ya fi kuɗin ciwo kuma, mutum ya kwanta yana ganin akwai ido a kan dukiyarshi, alhali idon ya rufe tun sallar isha'i.

Ba sai an faɗa wa kowa halin da gundumar Madarunfa take ciki a shekarun nan ba. Ƴan bindiga masu ƙetaro iyaka, korar shanu, ɗaukar mutane don kuɗin fansa, daga Gabi zuwa Safo har zuwa nan wajenmu. Dajin Baban Rafi sunanshi ya fita a kan abin da ba mu so. Jami'an tsaro na nasu ƙoƙarin a ƙarƙashin rundunar Farautar Bushiya, Allah ya dafa masu. To bayan wannan babbar masifa akwai ƙananan sace-sacen da ke cin talaka kullum: moton ɗan kabu-kabu, tunkiyar tsohuwa, buhun hatsi a mangaza, pannon makaranta, batirin gidan likita.

Shi ya sa hankalin mutane ya fara komawa ga kamara. Duk wanda ya shiga Maraɗi yana ganinta a shaguna da gidajen mai da gidajen aika kuɗi. Kuɗinta ya sauko, har mai ƙaramin shago na iya yin tunaninta. Ga kuma ƴan uwanmu da ke waje, in aka ce za a yi wa gari wani aiki ba sa ƙasa a gwiwa wajen aiko da gudummawa.

Mu ba ma adawa da wannan. Matsayinmu guda ne, kuma a kanshi za mu tsaya: duk wanda zai kafa kamara, na gida ne ko na jama'a, kada ya cika wa mai aikin kuɗinshi sai an gwada ta da dare, an kuma auna wutar da ke isa bakin kamarar, ba wadda ke fita daga caja ba. Ga dalilinmu.

Tiyo da fil duk tafiyarsu ɗaya

A tambayi duk mai garka a fadamar Gulbin Maraɗi ko a Jiratawa. In ya ɗaura wa injin ban ruwa gajeren tiyo mai faɗi, ruwa na fita da ƙarfi. In ya yi ta jona siraran tiyo har ƙarshen gona, abin da zai fito can bai fi fitsarin akuya ba. Injin lafiyarshi lau. Ƙarfin ruwan ne ya ƙare a hanya.

Haka wuta take a cikin fil. Ƙarfin turawar shi ake aunawa da bolt, harafin V ɗin nan da kuke gani a jikin caja. Yawan wutar da ke gudana kuma shi ne amper, harafin A. Kowane fil yana riƙe wani abu daga cikin ƙarfin, ya mayar da shi zafi. In fil ya yi tsawo, asarar ta ƙaru. In ya yi siriri, ta ƙaru. In abin da ke can ƙarshe ya ja wuta da yawa, ta ƙara ƙaruwa. Wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ne ya fitar da wannan ƙa'ida a rubuce tun 1827, kuma har gobe babu mai gyaran wutar da ya isa ya tsallake ta.

A wutar NIGELEC mai bolt 220, in bolt biyu suka ɓace a hanya ko a jikin kowa, don bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma yawancin ƙananan kamarorin nan bolt 12 kaɗai suke aiki da shi. Wanda ke da awaki 220 aka sace mashi biyu, da wanda ke da 12 aka sace mashi biyu, ai kukansu ba ɗaya ba ne.

Ga lissafin, kuma ɗan kolej ma na iya yin shi a salula. A ɗauki nisan kamara da mita, a ninka sau biyu, don wuta zuwa take yi ta dawo. A ninka da amper ɗin da kamara ke ci. A ninka da 0,0175, wanda shi ne gwargwadon tirjiyar jan ƙarfe. Sai a raba da kaurin fil, lambar nan da ake kira a kasuwa, 0,5 ko 1,5 ko 2,5. Abin da ya fito shi ne bolt ɗin da za su ɓace a hanya.

Mu ɗauki kamara mai cin rabin amper, a nisan mita 50. Da fil mai 0,5 za a rasa bolt 1,75, wato abin da zai isa wajenta 10,25 ne. Da fil mai 1,5 asarar ba ta wuce 0,6 ba. Da mai 2,5 kuwa 0,35 ce kacal. In aka kai nisan mita 100 da siririn nan mai 0,5, bolt 3,5 sun tafi, saura 8,5. Wasu kamarorin an rubuta masu cewa ba sa jure abin da ya gaza 10,8, wasu na iya lallaɓawa har wajen 9. Yana nan a takardar da ke cikin kwali, sai dai wa ke karantawa?

Sai babbar ɓarna, wadda ake yi da sunan tattali: a ja fil guda a rataya mashi kamara huɗu. Huɗun nan amper biyu suke nema. A kan siririn fil na mita 50, lissafi ya ba da asarar bolt 7 daga cikin 12. Wannan kam ado aka rataya a bango.

Me ya sa sai da dare?

Nan ne gizo ke saƙar. Da rana kamara ba ta cin wuta sosai, don hasken Allah ya wadace ta. Da zarar duhu ya shiga sai ta kunna ƴan fitilunta, waɗannan jajayen ɗigo-ɗigon da ke kewaye da idonta, masu fitar da hasken da idon mutum ba ya gani. Daga nan cinta na iya ninkawa, wata ma ya fi haka. Cin ya ƙaru, asarar hanya ta ƙaru, a daidai lokacin da ake buƙatarta.

To yaushe mai aiki ke kafa kamara? Da hantsi. Yaushe yake gwada ta? Da azahar. Hoto tar-tar, har ana ƙirga kajin maƙwabta. Mai gida ya yi murna, ya ƙirga kuɗi, mai aiki ya hau motonshi ya koma Maraɗi kafin magariba, don ba mai son dare ya yi mashi a hanya yanzu. Ba lalle ne ma ya yi da mugun nufi ba. Shi ma abin da ya gani da rana ya gani.

Da dare sai wasan ya tashi. Fitilu su kunnu, wuta ta faɗi, kamara ta mutu. Da ta mutu ta daina jan wuta, sai ƙarfin ya dawo, ta sake tashi. Ta tashi ta ga duhu, ta kunna fitilu, ta sake mutuwa. Haka za ta kwana tana faɗuwa tana tashi har gari ya waye. Wata ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai dai hoton ya yi dishi-dishi, ko layuka su riƙa yawo a kanshi, ka ga inuwar mutum amma ko uwar da ta haife shi ba ta iya shaida shi.

A ƙauyukanmu abin ya fi tsanani, don da yawansu babu wutar NIGELEC sam, da panno da batiri ake aiki. Ko inda wutar take, tun da Najeriya ta yanke wadda take ba ƙasarmu a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mutane suka ƙara riƙe sola hannu biyu. Batirin da ake ce wa mai bolt 12 kuwa ba a 12 yake tsaye ba. Da rana, panno na cika shi, yana kai 13 da rabi har 14. In ya cika rana ta faɗi yana wajen 12,7. In ya ci rabi yana kusa da 12. Wanda ya tsufa kuma, ko wanda aka haɗa mashi talabijin da fanka da cajin salular unguwa, kafin tsakar dare ya yi ƙasa da haka.

Ku haɗa biyun ku gani. Da azahar batiri na sama, kamara na cin kaɗan. Ƙarfe uku na dare batiri na ƙasa, kamara na cin da yawa. Ɓarawo kuwa ba da azahar yake zuwa ba. An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. To in ranar mai kaya ta zo aka buɗe na'ura aka tarar da baƙin allo fa?

Ba layar zana ba ce

Mun san abin da ake cewa in haka ta faru. Wasu su ce ɓarawon ya sha magani, yana da layar zana, ko kamara ba ta ganinshi. Wannan ma da sauƙi, dariya ce. Wanda ke da haɗari shi ne zargi. Za a ce ai da hannun na gida: mai gadi ne ya kashe ta, ko yaron shago ne ya zare fil, in ba haka ba me ya sa take aiki kullum sai daren da aka yi sata?

Alhali ba kullum take aiki ba. Kowane dare mutuwa take yi, ba wanda ya taɓa dubawa ne. Sai a kori bawan Allah daga aikin da yake ci da iyali, ko a kai shi gaban jandarma, a ɓata mashi suna a garin da kowa ya san kowa. Zumunci ya lalace a kan fil ɗin da kaurinshi bai kai tsinken tsintsiya ba. Wannan shi ya sa muka ce maganar ta wuce ta masu gyaran wuta, ta kowa ce.

Akwai kuma sakacin da kamara ke jawowa. Wanda a da yake tashi sau biyu cikin dare ya leƙa garke, yanzu ya ce ai akwai kamara. Wanda ke biyan mai gadi ya sallame shi. In kamarar ba ta gani, to gara jiya da yau, don jiya aƙalla mutum ya san ba shi da kowa sai Allah sai kunnenshi.

Jan ƙarfen da ba jan ƙarfe ba

Lissafin da muka kawo a sama na fil ɗin jan ƙarfe ne na gaskiya. Amma kasuwa cike take da wani iri wanda cikinshi alminiyam ne, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi, aka shafa mashi jan ƙarfe a baya. A ido ba ka rabewa. A aiki kuwa alminiyam kashi 60 da ƴan kai ne kawai cikin 100 na jan ƙarfe wajen wucewar wuta. Misalinmu na mita 50 da aka rasa bolt 1,75, da wannan fil asarar na kusan kaiwa 2,8. Ga saurin karyewa, ga cin tsatsa a mahaɗa. Wani kuma roba ce aka yi wa kauri, gashin da ke ciki bai kai lambar da aka rubuta a jiki ba.

Gane shi ba wuya. A fere roba a kankare gashin da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne. A kara mashi wutar ashana: gashin jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, na alminiyam zai langaɓe ya zube. A ɗaga naɗin a hannu: jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku, don haka naɗin da ya yi sakayau abin tuhuma ne. In kuma maganaɗisu ya kama shi, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa kwalliya, wannan ya fi duka muni.

Ba muna cewa duk ɗan kasuwa macuci ba ne. Da yawa za su faɗa maka gaskiya in ka tambaya: ga mai kyau, ga mai araha. Mu ne masu saye muke nuna mai arahar. Kowa ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa.

Sai mahaɗa. Fil bai kai ba, a murɗa wani a naɗe da leda ko salatif a bar shi a sarari. Rani ya wuce lafiya. Damina ta sauka, ruwa ya shiga, wurin ya yi kore, kowace mahaɗa ta zama shingen da ke karɓar nata kason. In jonin ya zama dole, a yi shi da dalma ko da abin ɗaurewa mai sukuru, a sa shi cikin akwatin da ruwa ba ya shiga.

To mene ne magani?

Mafi sauƙi shi ne a rage tafiyar. A kai caja ko batiri kusa da kamara, ya zama bolt 12 ɗin ƴan mitoci kaɗan zai yi. Inda akwai wutar NIGELEC ana iya jan 220 ɗin zuwa kusa a sa caja a can cikin akwati, amma wannan aikin ƙwararre ne, a cikin bututu, don 220 kashewa take yi, ga yara ga dabbobi. Inda babu, kamarar da ke nesa, kamar ta bakin garke ko ta mangazar bankin cimaka, gara a yi mata ɗan pannonta da batirinta a wurin.

In ba yadda za a yi sai an ja, to a ja mai kauri, na jan ƙarfe, kuma kowace kamara da nata. A yi lissafi kafin a je kasuwa. Mu a ganinmu asarar kada ta wuce bolt ɗaya, in da batiri ake aiki ma rabin haka ya fi kwanciyar hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga mai hali kuma akwai kamarorin da wuta da hoto ke bin kebul ɗin intanet guda, waɗanda ake kira PoE. Su wajen bolt 48 ake tura masu, kuma an tsara su su kai mita 100. Hikimar ita ce, in ƙarfin turawa ya ninka sau huɗu, amper ɗin da ake buƙata ya ragu sau huɗu, wutar da fil ke ƙonawa a hanya kuma ta ragu sau 16. Dalilin ke nan da ya sa layin da ke kawo wuta daga Katsina zuwa Gazawa yake ɗauke da bolt dubu 132. Ko a Amurka sai da suka sha wannan darasi: tashar wutar da Thomas Edison ya buɗe a birnin New York a 1882 da bolt 110 take aiki, kuma wutarta ba ta iya wuce kilomita ɗaya da ƴan kai. Wanda ya ƙirƙiro tashar bai iya yi wa fil wayo ba, balle mu. Sai dai a kula, kebul ɗin intanet ma akwai na alminiyam.

Abu biyu muke roƙo kada a yi. Na farko, kada wani ya ce tunda wuta na raguwa a hanya bari ya sa cajar kwamfuta mai bolt 19 ta cike gurbin. Da dare wataƙila ta yi kamar ta yi. Da gari ya waye fitilu suka mutu, cin ya ragu, asarar hanya ta ragu, sai kusan duka ƙarfin ya sauka a kan kamarar ya ƙona ta. Na biyu, kada a ja fil daga batiri babu fiyus, wanda wasu ke ce wa fizibil, a daidai bakin batirin. Bolt 12 ba ya jan mutum, gaskiya ne. Amma in ɓera ko gara suka ci roba gashi biyu suka haɗu, batiri na iya mayar da fil ɗin garwashi. A garin da ke da zana da rumbu da karan dawa a jingine, ba sai mun ƙarasa ba.

Abin da masu ja da mu za su ce

Za a ce fil mai kauri na da tsada. Ƙwarai kuwa, jan ƙarfe ba araha gare shi ba. Amma a dubi jimillar kuɗin: kamara, na'urar ajiyar hoto, allo, panno, batiri, ladan aiki. Duk wannan an biya, sai a wajen fil za a yi ƙwauro, a kashe amfanin sauran duka? In kuɗin bai kai na kamara huɗu da fil mai kyau ba, a sa biyu masu gani. Sun fi huɗu makafi.

Za a ce fil mai kauri shi kanshi abin sata ne. Wannan ma gaskiya ne, masu bidar jan ƙarfe ba su bar kowa ba. Amsar ita ce a binne shi cikin bututu ko a bi da shi ta cikin gini, ko kuma a koma ga shawarar farko, a rage nisan.

Za a kuma ce, kamara me za ta yi wa mai bindiga? Ba mu ce za ta tare shi ba. Wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro, da haɗin kan jama'a, da addu'a. Kamara sheda ce kawai. Tana iya nuna fuskar wanda ya tura moto, ko ƙarfe nawa aka fasa shago, ko ta wace hanya aka bi da dabbobi. Tana kuma iya wanke wanda ake zargi a banza. Amma shedar da ke barci lokacin da abin ya faru, wane alƙali ne zai saurare ta?

Kiranmu

Ga masu gida da masu shago: ku riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai an kwana an gani. Ku sa a auna wutar a bakin kamara da na'urar awo, irin wadda masu gyaran rediyo da salula ke da ita. Kuma a auna kamarar tana jone, fitilunta na kunne. Wannan na da muhimmanci, don in aka zare ta aka auna fil ɗin shi kaɗai, 12 cif zai nuna ko da ya kai kilomita, kamar yadda tiyo ke cika tam in ka toshe bakinshi da yatsa. In da rana ne, a rufe fuskarta da baƙin ƙyalle har fitilun su kunnu. In da batiri take aiki, a auna da asuba kafin rana ta fito, lokacin da batirin ya fi gajiya. Bayan nan ku mayar da hoton ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare ku kalla da idonku, ku sa wani ya gitta ku ga ko kuna shaida shi. Ku riƙa yin haka ko sau ɗaya a mako, musamman in damina ta sauka. Gani ya kori ji.

Ga kwamitocin makaranta da na gidan likita da na masallaci da na kasuwa, da hukumar komin: in za a yi irin wannan aiki da kuɗin jama'a, a rubuta a takardar yarjejeniya kaurin fil, da tsawonshi, da cewa jan ƙarfe ne zalla, da bolt ɗin da dole ya isa kowace kamara da dare. Karɓar aiki kuma a yi ta bayan isha'i. Kuɗin da ɗan uwa ya tara da zufa a ƙasar wani ya aiko gida amana ne.

Ga matasanmu masu wannan sana'a: ba faɗa muke da ku ba, so muke aikin ya zauna a hannunku. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo duk a Maraɗi suke, nan kusa da mu, ilimin bai yi nisa ba. Ku mallaki na'urar awo, ku koyi lissafin nan. In mai gida ya ce sai siririn fil, ku nuna mashi a takarda abin da zai faru. In ya ƙi ji, gara ku bar aikin da ku yi wanda gobe za a ce ku kuka cuce shi. Kuma mai aikin da ke zaune cikin gari, wanda zai iya dawowa bayan isha'i ya duba, ya fi wanda zai zo daga nesa ya tafi da rana tsaka.

Wanda ya riga ya kafa tashi, kada ya jira sai an yi mashi sata. Yau da dare ya buɗe ya duba. In ya ga tana ɗaukewa, kafin ya ce kamarar ce ta lalace ya sayi wata, ya fara gwada ta da gajeren fil kusa da caja. Sau da yawa za a tarar lafiyarta ƙalau, yunwar wuta ce ke damunta.

Wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba, in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya zaunar da Sarkin Yamma da jihar Maraɗi da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.